Kalmar "Baƙo" Da Siyasar Mutanen Zongo

Duk bayan shekara huɗu, in watan Disamba na zaɓe ya gabato, akwai wata magana da ta kan tashi a unguwanninmu kamar yadda hazo ya kan taso da hunturu. A ji ta a teburin mai shayi, a ji ta a ƙofar masallaci bayan Isha'i, a ji ta wajen suna da wajen biki: wai in mutanen kaza suka ci, za su kore mu. Sau da yawa mai faɗar ba a haife shi ba sa'ad da aka yi korar, mai sauraron ma haka, amma dukansu sun gaskata, har su kan jefa ƙuri'a a kanta.

Mu da aikinmu shi ne koya wa yara baƙi da wasali, mun ga ya kamata mu zauna da ku mu bi sawun wannan magana, mu ga inda ta fito, da hanyar da ta bi ta shigo kunnuwanmu, da wanda ya ke cin ribarta. Gama ra'ayin mutum game da mulki da kalmomi a ke gina shi, kuma wanda ya riga ka zaɓar kalma ya riga ka yanke hukunci.

Labari Kafin Zuwan Rediyo

Sunan unguwarmu ma kansa kalma ce da ta yi doguwar tafiya. A bakin fatake, zango shi ne wurin da ayari ya kan sauke kaya ya kwana, gari ya waye ya ɗaura ya wuce. Kakanninmu sun yi ta bin hanyar Gwanja da kanwa da tufafi da fatu, su koma da goro, Salaga kuwa ita ce babbar kasuwa. Wani Baturen Ingila, Bowdich, da ya je Kumashi a 1817, ya tarar da Musulmi zaune a fadar Sarkin Tonawa ana shawara da su. A 1874 Turawa sun yaƙi Tonawa tare da sojan Hausa waɗanda Kyaftin Glover ya kawo daga Ikko. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, mutanenta suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumashi da Ankara da sauran garuruwa. Watau zango ya riga ya zama gari tun ƙasar nan ba ta sami sunan Gana ba, sai dai sunan bai daina nuna kamar mazaunansa masu wucewa ne ba.

A wancan zamani labari da ƙafa ya ke zuwa. Madugu ya kawo shi a baki, ko ya zo cikin wasiƙar ajami da aka naɗe a gafaka, ko kuwa malami ya tsara shi waƙa almajirai su kwafa su rarraba. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna Salaga, daga baya ya koma Kete Krachi har ya rasu a 1934, ya rubuta labarin rikicin Salaga da na zuwan Turawa cikin waƙoƙin Larabci da Hausa. Irin waɗannan takardu su ne jaridar kakanninmu. Labarin ya kan yi jinkiri, amma an san mai kawo shi, an san ubansa, an san malaminsa. In ya yi ƙarya, gobe za a haɗu da shi a kasuwa.

Akwati Mai Magana

Ran 31 ga Yuli, 1935, Gwamna Hodson ya buɗe gidan rediyo na farko a Ankara, wanda a ke kira ZOY. Waya a ke ja daga tashar zuwa wani akwati a gidan wanda ya biya. Daga baya aka shigar da harsunan ƙasa, Hausa na cikinsu. Ran 13 ga Maris, 1957, mako guda daidai bayan Gana ta sami mulkin kai, BBC ta Landan ta fara magana da Hausa, minti 15 kacal. Cikin shekarun 1960 sai ga Mosko da Pekin da Jamus da Alƙahira su ma suna gaisuwa da harshenmu. Nkrumah bai yarda a bar shi baya ba, a 1961 ya buɗe sashen watsa labari zuwa ƙasashen waje, Hausa na daga cikin harsunansa. Muryar Amurka ta biyo baya a 1979. Kowace gwamnati kuɗi ta kashe, kuma ba wanda ya ke kashe kuɗi a kan kunnen da ba ya bukata.

To, a nan ne aikin kalma ya fito fili. Masu fassara sun tarar da abubuwan da Hausa ba ta da sunansu, tilas suka ƙirƙira. Aka kira tsarin Rasha gurguzu, aka kira na Amurka jari-hujja, aka kira masu riƙon tsohon tsari 'yan mazan jiya. Ku duba da kyau, ko wanne suna yana ɗauke da hukuncinsa a ciki. Wanda ya ji "jari-hujja" ya riga ya ji cewa a wurin nan mai kuɗi shi ne mai gaskiya, tun ba a gaya masa komai game da tsarin ba. Mutane ɗaya masu bindiga a daji ɗaya, wannan tasha ta ce 'yan tawaye ne, waccan ta ce masu neman 'yanci ne. Mai akwati ɗaya da ba ya juya allura, abin da tasharsa ta kira su shi ne sunansu a wurinsa har ya mutu.

Ba sai mun je nesa ba. Ran 24 ga Fabrairu, 1966, da soja suka hamɓarar da Nkrumah, a rediyo Kanar Kotoka ya sanar, majalisar da suka kafa kuwa suka sa mata sunan 'yantar da ƙasa. Ran 13 ga Janairu, 1972, Kanar Acheampong ya ture Dokta Busia, ya sa wa tasa majalisar sunan fansar ƙasa. Ran 4 ga Yuni, 1979, da ran 31 ga Disamba, 1981, muryar Rawlings aka ji. Dukansu gidan rediyo suka fara nufa, domin sun san wanda ya riƙe makirufo da asuba shi ne zai raɗa wa abin suna. Har yau in ka ji dattijo ya ce "juyin juya hali" game da 1981, wani kuma ya ce "juyin mulki", ba ka bukatar tambayar kowa inda ya ke jefa ƙuri'a.

Baƙo Raɓa Ne

Amma kalmar da ta fi kowace taɓa mu ita ce baƙo. A Hausa baƙo mutum ne mai daraja. A kan tarbe shi da ruwa, a shimfiɗa masa tabarma, a ba shi ɗakin zaure. Sai dai kuma Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, da hantsi ya ɗaga sai a neme shi a rasa. A takardar doka ta Turanci akwai wata kalma, alien, wadda ma'anarta mutum ne da ba shi da ikon zama sai da izini. In aka juya ta zuwa Hausa ba ta da wata fassara sai baƙo. Darajar ta zube a hanya, raɓar ce kaɗai ta iso.

A 1954 Musulmin zongo suka kafa jam'iyyar da a ke kira MAP, ƙarfinta kuwa a Ankara da Kumashi ya ke, ta kuma jingina da 'yan hamayyar Nkrumah. A 1957, watanni kaɗan bayan mulkin kai, gwamnatin CPP ta yi dokar fitar da mutane daga ƙasa, ta ɗora ta a kan shugabanni biyu na zongon Kumashi, Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zongo, da Alhaji Usman Lardan. Suka kai ƙara kotu cewa su 'yan ƙasa ne. Kafin alƙali ya yanke hukunci, sai majalisa ta yi wata doka ta musamman da sunayensu a jiki, aka rufe shari'ar, aka kai su Nijeriya. A ƙarshen wannan shekara aka hana jam'iyyun addini da na ƙabila da na yanki, jam'iyyun hamayya kuwa, har da MAP, suka narke cikin jam'iyyar UP, wadda Dokta Busia ya ke shugabanta. Ku riƙe wannan da kyau: a 1957 Busia abokin tafiyar shugabannin zongo ne.

Bayan shekara 12 sai al'amari ya juya. Jam'iyyar Busia ta ci zaɓen Agusta 1969, ta tarar da bashi ya yi wa ƙasa katutu, samari sun cika birane ba aiki. Ƙidayar 1960 ta riga ta nuna kimanin mutum 12 cikin 100 asalinsu daga waje ne. Aka yi ta haɗa sunan baƙi da sata da fasa-ƙwauri da ƙwace kasuwa, a bakin manya da a shafukan jaridu, har talaka ya ga kamar in baƙo ya tafi wahala ta tafi. Ran 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnati ta ba da umurni: duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama, ya samo ta cikin kwana 14 ko ya bar ƙasa.

Wace takarda kuwa? Mutumin da kakansa ya shigo da jaki tun ba a ja iyaka ba, ko wanda aka yanke masa cibiya a Kumashi bai taɓa ganin Kano ba, wa ya taɓa ce masa ya nemi fasfo? Mutane fiye da dubu 100 suka fita. Yarabawa sun fi yawa, akwai kuma Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da mutanen Togo. Aka sayar da gidaje da rumfuna da keken ɗinki a kan kuɗin da bai kai na lori ba. Iyali suka rabu, uwa 'yar ƙasa, uba baƙo. Waɗanda suka rage kuwa tsoro ya shige su, domin a titi ba a tambayar takarda sai an ga doguwar riga ko an ji Hausa. A 1970 aka ƙara da dokar da ta keɓe ƙananan kasuwanci ga 'yan ƙasa kaɗai.

Wahalar ta tafi? Gonakin koko suka rasa leburori. A Disamba 1971 gwamnati ta karya darajar sidi da kashi 44 cikin 100, kafin wata guda ya cika soja suka karɓi mulki. Sa'an nan a Janairu 1983, da kuɗin mai ya faɗi a Nijeriya ga zaɓe na tafe, gwamnatin Shagari ta ɗauko wannan kalma ɗin ta ba baƙi mako biyu, ko da ya ke ƙasashen ECOWAS sun sa hannu a yarjejeniyar zirga-zirga tun 1979. 'Yan Gana kimanin miliyan ɗaya suka komo gida, jakar da suka zuba kayansu a ciki kuwa har yau Gana-mas-go a ke kiranta. Wanda ya kira wani baƙo jiya, ya wayi gari shi ne baƙo. Kalmar ba ta da ƙabila, duk gwamnatin da tukunyarta ta ƙone ta kan iya ɗaukarta.

Abin Da A Ke Tunawa, Da Abin Da A Ke Mantawa

Tun da aka koma mulkin farar hula da Tsarin Mulkin 1992, manyan jam'iyyu biyu ne su ke karɓa-karɓa. NPP da bakinta ta ke cewa ita magajiyar Danquah da Busia ce, saboda haka abokan hamayyarta ba su sha wahalar rataya mata 1969 a wuya ba. Ga shaida a Kumashi: jihar Ashanti cibiyar NPP ce, amma mazaɓar Asawase, inda zongo ya fi yawa, tun da aka ƙirƙiro ta a 2004 NDC ta ke bi. NPP kuwa ta yi ta neman wanke kanta. Ta kafa reshen zongo ta sa masa sunan Hausa, Nasara. Alhaji Aliu Mahama ya yi Mataimakin Shugaban Ƙasa daga 2001 zuwa 2009. A 2017 aka kafa ma'aikatar raya zongo da asusun raya zongo, ko da ya ke an rushe ma'aikatar a 2021. Dokta Bawumia ya yi mataimaki daga 2017, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2024, John Mahama na NDC ya kayar da shi.

Ba mu ce kowa ya manta 1969 ba. Abu ne da ya faru, akwai tsofaffi a cikinmu da har yanzu in an ambace shi su kan yi shiru. Tambayarmu ita ce, don me kowane yaro ya san 1969, amma da wuya ka sami wanda ya san 1957? Duka biyu gaskiya ne, duka biyu zongo aka taɓa. Bambancin shi ne ɗaya yana da masu maimaita shi duk lokacin zaɓe, ɗayan kuwa ba wanda ya ke da riba cikin tuna shi. Mu malaman allo mun fi kowa sanin wannan: abin da yaro ya yi ta biyawa shi ne ya ke zama a kansa, wanda aka wanke daga allo ba a yi tilawarsa ba, ya tafi.

Hasarar kuwa a kanmu ta ke faɗawa. Mutumin da aka cika wa ciki da tsoro ba ya tambayar magudanar ruwa, ba ya tambayar asibiti, ba ya tambayar inda kuɗin asusu suka shiga. Ɗan takarar da ya tabbata ƙuri'arka tana aljihunsa ba zai wahala dominka ba, wanda ya fid da rai da ita shi ma haka.

Hanyoyin maimaitawa kuma sun ƙaru. Tsarin Mulkin 1992 ya ba 'yan jarida 'yanci, Joy FM ta fara aiki a Ankara a 1995, aka soke dokar ɗaure mutum saboda ɓata suna a 2001. Tashoshi suka yawaita, har muka sami masu magana da Hausa a Ankara da Kumashi, abin farin ciki ne. Amma tare da su aka sami waɗansu masu buga waya, murya ɗaya ce za ka ji a tasha uku kafin azahar, tana faɗar abin da jam'iyya ta ɗora mata, mai sauraro kuwa ya ɗauka ra'ayin gari ya ke ji. Yanzu ga saƙon murya na WhatsApp, ga Facebook, ga TikTok. Saƙo ya zo da sallama da salati da Hausa mai daɗi, ba suna, ba gari, ba rana. Domin da harshen uwarmu ya zo, sai mu buɗe masa ƙofa kamar ɗan gida.

Yadda A Ke Ganinmu

Kalma ba mu kaɗai ta ke juyawa ba, tana juya yadda maƙwabta su ke ganinmu. Aboki kalma ce ta zumunci, amma a bakin waɗansu ta koma kirari na raini ga mai tsire da mai gadi. In ɗan zongo ya yi laifi, sunan unguwa a ke sawa a kan labarin. In ya zama likita ko alƙali, sai a ambaci sunansa kawai.

Kada wani ya ce wannan ƙaramin abu ne. A Yuli 2018 'yan sanda sun harbe samari 7 a Manso Nkwanta cikin jihar Ashanti, suka ba da sanarwa cewa 'yan fashi ne, labari ya bazu haka. Mutanen zongon Kumashi suka tashi suka ce 'ya'yansu ne, sun san su. Gwamnati ta kafa kwamiti, kwamitin ya ce bai sami hujjar da ta nuna 'yan fashi ne ba. Aka dakatar da 'yan sanda 21, aka biya iyalai diyya. Da jama'a sun yi shiru, da kalmar farko ita ce ta zauna a kan kaburburan nan.

Hoto mai kyau shi ma yana da nasa ƙarfi. A Afrilu 2019, sa'ad da Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya cika shekara 100, ya ziyarci majami'ar Katolika ta Christ the King a Ankara ranar bikin Ista. Hoton ya zaga duniya, mutane da yawa suka ga zongo da wata fuska da ba a saba nuna musu ba.

Shawararmu

Magabata masu ilmin hadisi ba su karɓar magana sai da isnadi. Su kan tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun haɗu kuwa, an taɓa kama shi da ƙarya? Suratul Hujurati ma ta yi umurni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi. Wannan awo da mu ke koya wa ɗalibai, shi ya kamata mu ɗora wa saƙon waya. Wanda ba shi da suna da rana da wuri, a bar shi inda aka gan shi, kada a tura. Akwai ma masu aikin binciken labari a ƙasar nan, ɗaya daga cikin ƙungiyoyinsu sunan Hausa gare ta, Dubawa.

Sa'an nan mu riƙa juya allura. Wanda ya ji labari a tasha ɗaya ya nemi ta biyu, ya lura da sunan da kowace ta ba abu ɗaya. In ɗan siyasa ya zo da labarin kora, a saurare shi da ladabi, a tambaye shi dokar da ya dogara da ita, sa'an nan a komo da shi kan magudanar ruwa.

Kowane gida kuma ya san sashe na 6 na Tsarin Mulki. Abin da ya ƙunsa shi ne, wanda ya ke ɗan ƙasa bisa doka ranar da tsarin ya fara aiki yana nan ɗan ƙasa, wanda aka haifa bayan haka kuwa, a Gana ko a waje, ɗan ƙasa ne in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan Gana ne. Ba a ambaci harshe ba, ba a ambaci suna ko riga ba. A yi wa yara takardar haihuwa da wuri, manya su karɓi katin ƙasa, a adana su inda ruwa da gara ba su kaiwa. Rashin takarda shi ne ya kwashe mutane a 1969.

Daga ƙarshe, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Tsofaffin da suka ga 1957 da 1969 da idonsu suna ƙarewa. Muna roƙon samarin wannan ƙungiya su zauna da su, su rubuta abin da suka gani, da boko ko da ajami, da sunan gari da shekara, su aiko a buga a wannan takarda tamu. Haka kuma duk wanda ya ke da tsofaffin wasiƙu a adakar kakansa, kada ya bar su su ruɓe, ya kawo a karanta a kwafa.

Allah Ya ba ƙasarmu Gana lafiya, Ya ba shugabanninta adalci, Ya tsare harsunanmu da kunnuwanmu, amin. Haza wasalam.